Da Wane Harshe Ake Samun Digirin Hausa?

A shekarar 1960 ne aka kafa kwalejin da ta zama Jami'ar Bayero ta Kano. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai aka raɗa mata suna Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshenta, ba ta kuma tsaya da ƙafafunta ba sai a 1977. A cikin wannan tsakani ne Hausa ta sami kujera a matsayin fannin ilmi, musamman bayan kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a 1969.

Sai dai kujerar ta zo da sharaɗi, wato Ingilishi. Malaman farko a ƙasashen waje suka ƙaro ilmi, da harshen masu masaukinsu kuma suka rubuta kundayensu. M.K.M. Galadanci ya yi digirinsa na uku a London a 1969 a kan yankin suna a Hausa. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nasa a Indiyana ta Amurka a 1975 a kan Mamman Shata. Abin lura a nan shi ne, Shata ya rera da Hausa, amma sai da aka yi masa tafinta kafin hukumar jarrabawa ta yarda waƙarsa abin nazari ce. Wannan ba laifin malaman ba ne, domin a lokacin babu kalmomin da za a feɗe nahawu ko tsarin sauti da su, in ban da 'yan tsirarun da aka aro daga Larabci.

A Amurka matsalar daban ce. Jami'ar Wiskonsin ta buɗe sashen harsuna da adabin Afirka a 1964, a San Faransisko kuwa sai da ɗalibai suka ƙaurace wa karatu a 1968 don a ba nazarin Baƙar fata sashe nasa. Su suna neman a koya musu gadon da bauta ta raba su da shi. Bakano kuwa yana riƙe da gadonsa, izinin tattauna shi da bakinsa yake nema.

Izinin bai samu da jawabi ba, sai da aikin ƙirƙirar kalmomi a tarurruka na shekaru. Nan aka daidaita irin su aikatau da ɗafi da gaɓa da wasali, aka tattara su a ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Kafin nan Ibrahim Yaro Yahaya, wanda shi ma da Ingilishi ya rubuta kundinsa, ya fitar da Hausa a Rubuce a 1988, ya nuna harshen zai iya ɗaukar tarihin kansa.

Yanzu ɗalibin da ya fito daga Darmanawa ko Gyaɗi-Gyaɗi yana sauraren lacca da Hausa, ya rubuta kundin kammalawa da ita. Amma ƙofar shiga ba ta sake ba. Tilas ya kawo kiredit biyar har da na Ingilishi, kuma takardar Ingilishi dole ce a jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Yaron da ya ƙware a karin waƙa da habaici, amma Ingilishi ya kayar da shi, a bakin ƙofa zai tsaya.