Yadda Talla Ta Samu Wurin Zama A Shafin Farko Na Burauza

Makalar wannan makon ta taso ne daga abin da ya faru a majalisarmu ta Ƙofar Taramniya. Wani dattijo ya karɓi wayar ɗansa zai saurari tafsiri, yana buɗe burauza sai ga hoton 'yan ƙwallo da kiran a zuba kuɗi a ci miliyoyi. Ransa ya ɓaci, ya ɗauka yaron ya fara caca. Da ƙyar muka fahimtar da shi cewa yaron bai sa ba, bai kuma nema ba.

To wa ya sa? Manhajoji da yawa na yin haka, amma tarihin Opera ne ya fi kusa da mu, don yawancinmu ta nan muka fara leƙa intanet.

A ƙasar Nowe aka kafa kamfanin a 1995, kuma da farko sayar da burauzarsa yake yi. A ƙarshen 2000 sai ya fito da wadda ba a biya, da sharaɗin allon talla zai zauna a samanta. Mai son a cire masa sai ya biya. Cinikin a fili yake, kowa ya san abin da ya saya. A Satumbar 2005 suka cire allon baki ɗaya, suka dogara da kuɗin da irin su Google ke ba su idan mutum ya yi bincike ta cikin burauzar.

A farkon 2006 Opera Mini ta bazu a duniya, lokacin GSM bai cika shekara biyar a Najeriya ba. Dabararta ita ce shafin da ka nema sai ya fara bi ta manyan kwamfutocin kamfanin, su matse shi ya zama ƙarami, sannan ya iso wayarka. Ga mai 'yar Nokia da katin naira ɗari, wannan ba ƙaramin gata ba ne. Da ita muka karanta BBC Hausa, da ita muka buɗe Facebook, wasunmu ma sun ɗauka sunan intanet ɗin kenan.

Abin da ba mu lura da shi ba shi ne darajar shafin farko. Duk inda za ka, nan za ka fara bi, kamar yadda a da mai shiga birnin Sakkwato dole ya biyo ta ɗaya daga ƙofofin ganuwa. Wurin da miliyoyi ke wucewa kullum kuwa ba ya rasa ɗan haya. A 2016 wasu kamfanonin ƙasar Sin suka sayi sashen burauzar a kan dala miliyan 600, a 2018 aka ƙaddamar da Opera News a Afirka. Shafin da a da 'yan akwatunan gajerun hanyoyi ne kawai ya cika da labarai da talla a cakuɗe, har sai ka duba da kyau kafin ka bambance su. Abin dariyar, a 2016 ɗin nan suka sa wa burauzar abin toshe tallan shafukan wasu.

Mun taɓa shan irin wannan da saƙonnin tes na kamfanonin waya, har hukumar NCC ta kawo lambar 2442 a Yulin 2016, ka tura STOP ka huta. Wannan lambar ba ta kai ga shafin burauza ba. A ganinmu cinikin 2000 ya fi na yau gaskiya, domin wancan an faɗa maka sharaɗi, wannan kuwa da datarka ake sauko maka da tallan da ba ka nema ba.

Dattijon dai mun shiga saitin wayar mun kashe masa labaran shafin farko, muka danne akwatin cacar muka goge, sannan ya samu ya saurari tafsirinsa.