Babban Gwani Mika'ilu da Hikimar Bakan Gizo

A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Allah ya hore wa ƙasar Hausa wani magini, Malam Mika'ilu Babban Gwani, wanda ya gama ilmin lissafi da basirar ado har ya tsayar da Masallacin Juma'a na Zariya, ginin da masana na gabas da yamma suke zuwa kallo har yau. Asirin aikinsa shi ne azara, wato tsagin giginya da gara ba ta ci, domin kuwa da ya ga azara ɗaya ba ta ƙetare faffaɗan ɗaki, sai ya riƙa jera ta hawa bisa hawa, kowacce tana zarce ta ƙarƙashinta, yana ɗaurewa, yana lulluɓewa da laka, har bakan gizo ya haɗu a sama ya ɗauki nauyin tulluwa. Maginan gargajiya na ƙasar Hausa magadan wannan fanni ne, kuma wajibi ne a rubuta iliminsu tun dattawansu suna raye.