'Yancin da Ya Riga na Oktoba

Mu 'yan Ikara, Makarfi da Kudan da faretin 'yan makaranta na 1 ga Oktoba muka tashi, alhali Arewa ta riga ta yi nata bikin. Ranar 15 ga Maris 1959 ta samu mulkin kai, kuma ba a banza ranar ta faɗo nan ba: a irinta Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Sarakuna suka hallara Kaduna da dawakansu, aka yi gagarumin hawan daba.

A 1960 kuwa, can Legas aka sauke tutar Ingila. Garuruwanmu suna ƙarƙashin En'e ta Zazzau, Sarki Muhammadu Aminu na kan gado, harajin da dagatai ke tarawa bai fasa tafiya birnin Zariya ba.