ZARE: Yadda kyanwa ta zama matsalar haya a New York

1/ Yayata tana digirin digirgir a New York. Watan jiya ta kira ni da daddare, murya a dishe: "Auta, gida 11 na tambaya, duk sun ce ban da dabba." Dabbar nan fa kyanwa ce guda ɗaya, Gimbiya. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Shi ya sa na je na tono tarihin abin. Ku biyo ni 🧵

2/ Kafin wani ya ce "ta yar da magen mana": a hunturunta na farko ta ɗauko ta daga gidan ajiye dabbobin da ba su da masu su, lokacin da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu da rabi, ga shi ba dangi, ba maƙwabci mai sallama. Shekara uku suna tare. Wanda ya ɗanɗani kaɗaici ya gane.

3/ To mu koma baya. Wajen 1820, masana tarihi sun ƙiyasta aladu kusan 20,000 ne ke yawo a titunan New York. Eh, aladu. Talakawa ne ke kiwonsu, musamman baƙi 'yan Ireland da baƙar fata. Dabbobin su ci shara a titi kyauta, in sanyi ya zo a yanka a ci ko a sayar.

4/ Marubucin nan na Ingila, Charles Dickens, da ya ziyarci birnin a 1842, sai da ya rubuta labarin aladun da ya gani a titin Broadway. Masu kuɗin gari suka ji kunya. Da kwalara ta ɓarke a 1849, aka ɗora wa aladu laifi, 'yan sanda suka kora dubbansu zuwa arewacin gari. Alhali gurɓataccen ruwa ne ke yaɗa cutar.

5/ A 1858 aka fara aikin Central Park, filayen kewaye suka fara tsada. A 1859 hukuma ta tura 'yan sanda unguwar masu kiwon aladu da ke kudu da wurin, suka rushe garkuna, suka kwashe dabbobi. Jaridu suka kira abin "yaƙin aladu". Masu kiwon suka rasa abin dogaro.

6/ Ku riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi a gaba: duk lokacin da ƙasa ta yi daraja a birnin nan, dabbar mai ƙaramin ƙarfi ce ake fara nunawa da yatsa. Wari da ƙazanta gaskiya ne, amma sai kuɗi ya shigo unguwa hanci ke fara aiki.

7/ Har yau ragowar wannan zamani yana cikin dokar lafiya ta birnin. Kana iya kiwon kaji mata, amma ban da zakara. Rago, akuya, alade, duk an hana ajiye su a gida. Wato ko ragon layya ba ka isa ka ɗaure a ƙofar gida ba 😅

8/ Da dabbobin kiwo suka fita, sai kare da kyanwa suka shigo ɗaki. A 1866 Henry Bergh ya kafa ASPCA, ƙungiyar kare dabbobi daga zalunci ta farko a Amurka. A 1978, zamanin magajin gari Ed Koch, doka ta tilasta wa mai kare ya kwashe kashin karensa a titi. Gwamnati ta yarda da zaman su, da sharaɗi.

9/ Amma fa kusan kashi biyu cikin uku na gidajen New York haya ce. Saboda haka hukuncin ya bar hannun gwamnati ya koma hannun mai gida. Layi ɗaya a takardar yarjejeniyar haya, "ba a yarda da dabba ba", ya wadatar.

10/ Nan ne labarin ya yi daɗi. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka ƙayyade kuɗin haya a birnin. A 1969 aka ƙaro wani tsarin da ke iyakance ƙarin da mai gida zai yi duk shekara. Ɗan hayan da ya daɗe sai ya zama yana biyan kuɗi ƙasa da na kasuwa.

11/ Ka sa kanka a matsayin mai gida. Tsohuwa ta shekara 20 a ɗakinka, ba ka da ikon ninka mata haya, amma in ta fita kuɗin zai tashi. Ka san tana da kyanwa tun tuni, ba ka taɓa magana ba. Rana ɗaya sai ka tuna da layin nan na cikin takarda. Kotu.

12/ Abin ya yi yawa har majalisar birni ta yi doka a 1983. Ta ce: in ɗan haya ya ajiye dabba a fili, ba ɓoye-ɓoye, tsawon wata uku, mai gida ko ma'aikacinsa ya sani, bai kuma shigar da ƙara ba, to sharaɗin hana dabba ya faɗi. Majalisar da kanta ta ce ana fakewa da dabbobi ne don korar mutane.

13/ Dokar tana da iyaka. Ta shafi ginin da ke da gida uku zuwa sama. Ba ta shafi gidajen gwamnati na hukumar NYCHA ba. In kuma dabbar tana ɓarna ko tana damun maƙwabta, kariyar ta tashi.

14/ Ga inda ɗalibi ke faɗawa rami: dokar 1983 tana kare wanda ya riga ya shiga ɗaki. Wanda ke bakin ƙofa yana nema ba ta san da shi ba. Mai gida na da damar cewa a'a tun farko. Ɗalibi kuwa kullum sabon zuwa ne, kullum a bakin ƙofa yake.

15/ Binciken gidaje na birnin na 2023 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 kacal na gidajen haya ne babu kowa ciki, mafi ƙaranci tun 1968. In mutane sun yi layi a kan ɗaki ɗaya, mai gida zaɓe yake yi. Mai kyanwa shi ake fara tsallakewa.

16/ Sai maganar kuɗi. Al'adar masu gidaje a can ita ce abin da kake samu a shekara ya ninka hayar wata sau 40. Mu ɗauka ɗaki dala 2,000 ne: sai ka nuna dala 80,000. Alawus ɗin ɗalibi bai kai nan ba. Sai mai tsaya maka, shi kuma sau 80 ake nema. Ɗan ƙasar waje ina zai samo shi?

17/ "Ta zauna a gidan makaranta mana." Yawancin gidajen ɗalibai na jami'o'i ba sa karɓar dabba. Shi kansa alawus ɗin da gumi ake ƙara shi: ɗaliban da ke koyarwa da bincike a Jami'ar Columbia sun yi yajin aiki na mako 10, daga Nuwamba 2021 zuwa Janairu 2022, kan albashi da kula da lafiya.

18/ Akwai ɗan sauƙi. Tun 2019 dokar jihar ta hana karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar wata ɗaya, don haka ba a ɗora maka wani na dabba a kai. Sai wasu masu gidajen suka koma ƙara kuɗin dabba a kan hayar kowane wata. An toshe ƙofa, sun bi ta taga.

19/ Sannan gyaran da aka yi wa dokar gidaje ta tarayya a 1988 ya ba masu larura kariya. Dabbar da ke taimaka wa makaho, ko wadda likita ya tabbatar mai larura na buƙata, ba a lissafa ta da dabbar sha'awa. Don Allah kar a je a ƙirƙiro takardar bogi, masu buƙata ta gaskiya ake cuta.

20/ Na ce wa Yaya ta shiga da ita a ɓoye kawai. Ta ce, "Kai dai karanta abin da ka tono." Gaskiyarta. Wanda ya ɓoye, dokar 1983 ba ta kare shi, domin sharaɗinta a fili ne. Wanda ya bayyana kuma, mai gida na da wata uku ya kai shi kotu. Gara a rubuta sunan dabbar cikin takarda tun ranar farko.

21/ Yadda ta ƙare: ta samu ɗaki a Bronx, gida ɗaya da wasu ɗalibai mata biyu. Ta kai takardar rigakafin Gimbiya da wasiƙar tsohon mai gidanta cewa ba ta taɓa ɓarna ba. Tafiyarta zuwa makaranta ta ƙaru da kusan minti 40 a jirgin ƙasa. Ta ce ta ji ta gani.

22/ Masu neman tallafin karatu zuwa waje, ku duba kuɗin haya kafin ku yi murnar alawus, ku karanta takardar haya layi-layi. Wanda kuma ya taɓa neman ɗaki da dabba a hannu, ko a ina ne, ya ba mu labari a ƙasa. Allah Ya ba mu masu gida na gari 🤲