Mota ta ƙi tashi bayan karo: abin da ya kamata a duba

Masu saurarenmu, musamman direbobi, sau da yawa motar da ta yi karo ba lalacewa ta yi ba, da gangan take ƙin tashi don kada gobara ta kama. Shi ya sa muke cewa a bi ta sannu.

Da farko a kashe kontak, a shinshina, a leƙa ƙarƙashinta. In ana jin warin esansi, ko mai na ɗiga, kada a murɗa makulli, kada a tura ta. A kira makanike.

In babu yoyo, sai a murɗa a saurara. In tabulo bai kawo wuta ba, a buɗe kapo a duba kawunan batir, don jijjiga kan kwance su, sannan a duba fizibil. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan volt 12,6. In kuma "kat-kat" kawai ake ji, batir ya yi rauni ko demarer ya taɓu.

In inji na juyawa amma bai kama ba, galibi an katse mai ne. Wasu Peugeot kamar 306 da 406 suna da wani maɓalli mai hular roba a ɗakin inji wanda karo ke tayarwa, sai a danna shi. Toyota da yawa kuwa suna tsayar da famfon mai idan jakar iska ta fashe. A kashe kontak gaba ɗaya, a sake kunnawa.

Ko ta tashi, in ruwan radiyata ya zube, kada a hau hanya, inji ne zai ƙone. Allah ya kiyaye hanya.