Kasuwar Kurmi A Idon Baƙi Biyu

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, ku yi mini haƙuri. Wani littafi nake rubutawa a kan Kano ta da, sai na tarar ban ma san yadda ake ciniki a lokacin ba. Dole na nemi abin da matafiya suka rubuta. Turancin nasu ya yi mini tsauri, ƙanena ne ya riƙa warware mini.

Na farko shi ne Hugh Clapperton, sojan ruwan Birtaniya. Ya shigo Kano a watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Wai sai da ya ci ado cikin kakinsa, yana zaton gari zai fito kallo, amma ko mai waiwayowa bai samu ba. Nan na yi dariya. Bakano da ciniki a gabansa, ina ruwansa da Bature?

Garin bai burge shi ba, ya yi ta ƙorafin kududdufai da wari. Kurmi kuwa, wadda tun zamanin Muhammadu Rumfa take ci, ta ba shi mamaki. Kowane kaya da layinsa, ga sarkin kasuwa mai kula da rumfuna. Har lemar Ingila ya saya a nan. Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar turkuɗi: ana saka sunan dillali cikin ƙunshin, in mai saye ya kai shi har Barno ya tarar da aibi, sai ya aiko da shi a mayar masa da kuɗinsa. Don Allah yau wa zai karɓi atamfar da ta kwana a gidanki?

Bayan shekara 27, a Fabrairun 1851, sai ga Heinrich Barth, Bajamushe, wanda aka fi sani da Abdulkarim. Sarki Usman ne a kan gado. Shi ne ma ya shigo a matalauci, bashi a wuyansa, ga zazzaɓi, aka sauke shi wani gida mai duhu a Dala. Da ya ji sauƙi ya hau doki ya zaga gari. Ya ga marina suna aiki, ya ga attajiri cikin manyan riguna, ga makaho yana bara. A kasuwa akwai allurai daga Jamus, yadi daga Manchester, duwatsun ado daga Venice. Amma ya ce ƙarfin Kano saƙa da rini ne, waɗanda ake kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Ya ƙiyasta cinikin tufafin nan ya kai wuri miliyan 300 a shekara, alhali wuri dubu 50 zuwa 60 sun ishi iyali guda ci da sutura na shekara. Na buga lissafi, kuɗin riƙon gida dubu biyar ke nan, ko fiye. Kuma masaƙan a gidajensu suke aiki, cikin iyalinsu.

Har na fara jin daɗi, ina cewa bari masu kiran mu matalauta su zo su ji. Sai ƙanena ya karanto mini rumfar bayi. Duka baƙin biyu sun gan ta, mutane a jere, maza da mata da yara, ana duba su kamar dabbobi. Barth ya ƙiyasta wajen bawa dubu biyar ake fitarwa daga Kano duk shekara, ban da waɗanda ke cikin gidaje da gonaki.

Tauraruwar littafina 'yar attajiri ce, mahaifinta fatake gare shi. Na rubuta babi uku ana kawo mata ruwan wanka, ana yi mata fifita, ban taɓa tambayar kaina wace ce mai fifitar ba, daga wane gari aka kamo ta. Jiya da dare na ajiye babukan nan gefe, na ba yarinyar suna, na sake farawa daga kanta.