TARIHIN ADAKAR IKKILISIYA

Wanda ya shiga majami'a a wannan biki na shekara hamsin zai ga wata tsohuwar adaka a gaban bagade. Matasa suna tambaya, to ga labarinta.

A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafancan. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone majami'u da yawa. Lokacin muna cikin Jihar Kaduna, domin sai a watan Satumba na shekarar aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Da labari ya iso Dutsin-Ma, dattawan ikkilisiya suka zauna da dare a kan abin da za a fitar. Benci da kwanon rufi kuɗi yana mayar da su. Littafin Waƙoƙi ma ana sayensa. Amma littafin baftisma da na aure, waɗanda aka rubuta da hannu, ba su da na biyu. Aka sa su cikin adaka tare da Littafi Mai Tsarki irin fassarar 1932, wanda mai bishararmu na fari ya bari.

Iyayenmu na Zumuntar Mata suka kawo littafin makaranta guda biyu, inda aka rubuta waƙoƙin da suka tsara da kansu, masu tafiya da kiɗan tulu. Wani dattijo ya ce babu wuri. Matan suka tsaya kai da fata. Yau mun san su ne da gaskiya.

Da asuba aka ɗaura adakar a bayan keke sai Kurfi, gidan wani manomi Musulmi, abokin ɗaya daga cikin dattawanmu. Ya binne ta cikin dawa a rumbunsa, bai tambayi ko kwabo ba. Allah ya sāka wa zuriyarsa.

Ubangiji ya tsare majami'armu, adaka kuwa ta dawo lafiya kafin damina. Abin kunya, sai a kwanakin salama muka ajiye ta a ƙasa cikin ofis, gindinta ya yi tsatsa, gara ta shiga ta cinye shafi huɗu na farkon littafin baftisma. A 2011, da rikicin bayan zaɓe ya tashi, ragowar muka sāke ɓoyewa.

Saboda haka duk wanda aka yi wa baftisma a shekarun farko, ko wanda ya san ranar baftismar iyayensa, ya ga magatakardan ikkilisiya bayan sujada, domin a sāke rubuta sunayen.